Ta ina zan fara horar da samarin unguwarmu su ja ragamar aikin gayya da kansu?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa aiki da matasa a unguwa ko a ƙauye, musamman waɗanda aikin ya ɗore a hannunsu bayan masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu sun tafi.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Gumel, jihar Jigawa. Bayan ƙaramar salla mai unguwarmu ya aiko aka kira ni, ya ce tunda yawancin samarin da ke wuni a majalisar bakin titi ta hannuna suka wuce, in tattara su a ga abin da za a yi da su. Akwai masu takardar sakandare, akwai masu NCE, akwai kuma waɗanda almajiranci ya kawo su, suka sauke, suka zauna a garin suna acaɓa ko ga-ruwa. Yaran kirki ne, na san iyayen mafi yawansu. Aikin yi ne babu, rani kuma ga shi da tsawo. Duk wanda bai tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ba, to yana nan a kan benci daga hantsi har magariba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne aikin yana nan jibge a gabanmu. Tuka-tuka uku ne a unguwar, biyu sun mutu tun bara, mata da yara na bin layi a ɗayan tun asuba. Kwatar bayan kasuwa leda ta toshe ta, duk damina sai ruwa ya shiga gidajen gangare, bara har katangar wata tsohuwa ta faɗi. Masu lambu suna kawo tumatir da tattasai, abin da bai shiga ba ranar kasuwa sai ya ruɓe ko a sayar da shi a wulaƙance. A ajina kuwa, ranar kasuwa rabin kujerun 'yan mata babu kowa a kai, suna wurin talla.

Kada wani ya ce a kai su bita, an sha kai su. Wata ƙungiya ta taɓa ɗibar wasu daga cikinsu zuwa otal a Dutse, aka koya musu jagoranci da ƙirƙira. Sun manna takardu masu launi a bango, an yi hoto, an ba su satifiket da kuɗin mota. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai kaifin basira, har leda ya sa aka liƙe masa satifiket ɗin don kada ya lalace. Na tambaye shi wa ke gyara tuka-tuka a garin nan, kuma nawa ake sayar da robarsa. Bai sani ba. Ban ga laifinsa ba, don babu wanda ya tambaye shi wannan a can.

Ni ba na so in zama shugabansu. Ma'aikacin gwamnati ne ni, gobe ana iya mayar da ni Birniwa ko Gwaram, kuma na ga ƙungiyoyi da yawa da suka mutu ranar da mai su ya bar gari. So nake su ne za su gano matsalar, su nemo dabarar, su tsaya gaban dattawa su yi bayani, har jama'a su yarda su ba su kuɗinsu. To ta ina ake farawa? Da wane aiki? Yaya ake yi da maganar kuɗi, wadda ita ke raba kan kowace ƙungiya? Kuma shin iya ƙirƙiro dabara abu ne da ake koyarwa, ko dai baiwa ce wadda wanda Allah ya ba shi ke nan? Allah ya ba da ladan zumunci.

Tsohon Malamin Gona, Maraɗi:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka karɓi wannan aiki. Daga Maraɗi nake rubuto maka, kuma ƙasarku ba baƙuwata ba ce, na ci kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tun ina da ƙarfina.

Abin da kake nema ba sabo ba ne a ƙasar Hausa, gayya da sarkin samari sun girmi duk wata bita. Nan Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta. Ina cikinsu. Mun buga tubali mun gina azuzuwan lakwal, mun share tituna, mun dasa itatuwa, da ganga ake tashe mu. An yi aiki, babu mai musun wannan. Amma daga sama umarnin ke zuwa. Da ya rasu a 1987, aka kuma shiga siyasar jam'iyyu, abin ya watse, don mun saba jiran a ce mana ga aikin yau. Tsoron da kake ji na kada ƙungiya ta mutu da tafiyarka, mu mun gan shi a ƙasa guda.

Abin da ya ɗore a jiharmu wani abu ne dabam, shi ne sassabin zamani. Shekara da shekaru ana kawo dashe daga gandun raino ana dasawa, rana da iska da awaki suna kashewa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manomi ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙasa. Dabarar ba ta wuce wuƙa ko gatari ba: ka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ka sare sauran, ka riƙa yi masa aski yana miƙewa. Da saiwar da ta riga ta kai ga danshi, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba. Lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci, wanda ya bar itatuwa a gonarsa a ba shi hatsi. Kowa ya bari. Da rabon ya ƙare, mafi yawan manoma suka koma suka sare su. 'Yan kaɗan da suka ƙyale nasu, su ne suka ga itacen girki a gona, ga ganyen dabba, ga gero ya fi kyau a gindin gawo, tunda gawo da damina yake zubar da ganye. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ba tare da an ba shi ko tiya ɗaya ba. Abu na biyu da ya ɗaga aikin shi ne da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba za a ci shi tara ba in ya sari reshe. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye kwamitin gari ne ke tsaron itatuwan, da manoma da mata da makiyaya a cikinsa. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka kada ka fara da aji, kuma kada ka fara da raba komai, ko da lemo ne. Wanda ya zo don lemo, ranar da babu lemo ba za ka gan shi ba. Raba su biyu-biyu su bi unguwar gida-gida, su yi sallama, su zauna a zaure, su tambayi mai gida abin da ya fi damunsa da abin da aka taɓa gwadawa a kai. Wannan tambaya ta biyu ita ce babba. Za su ji cewa an taɓa tara kuɗin famfo wani ya cinye, ko an taɓa yashe kwatar aka bar yashin a bakinta ruwan farko ya mayar da shi. Su hana bakinsu ba da amsa, sauraro kawai. In sun dawo, su zana unguwar a ƙasa da sanda, dutse ya zama famfo, toka ta zama kwata, kowa ya faɗi abin da ya jiyo. Daga nan su kai wa mai unguwa da liman, jama'a su zaɓi aiki ɗaya, ƙarami, wanda za a ga ƙarshensa kafin damina.

Kai kuma ranar nan ka zauna a baya. Za su yi in'ina, za su tsallake abin da ka san ya kamata su faɗa, bakinka zai yi ƙaiƙayi. Ka daure. In dattijo ya juyo ya ce Malam me ka gani, ka ce yaran sun fi ni sani, su suka zaga.

Uwar Asusu:

Malam sannu da ƙoƙari, Baba na Maraɗi Allah ya ƙara lafiya. Malam, na karanta bayaninka daga farko har ƙarshe, ban ga 'yan mata ba sai a wurin talla da layin ruwa. Su ke ɗibar ruwan, su ke tallan, su ne ruwan kwata ke shigar wa ɗaki, amma a cikin waɗanda za a horar babu ko ɗaya. Kuma samarin da Baba ya ce su bi gida-gida iyakarsu zaure. Mai gida zai gaya musu matsalar taki da hanya. Wa zai shiga ciki ya ji ta bakin matan? Nemi malamar Islamiyya ko ungozomar asibitinku, mace wadda iyaye suka yarda da ita, ta tara 'yan matan da suka gama sakandare da zawarawa masu ƙuruciya, su yi nasu zaman a cikin gida da rana. Ba sai an cakuɗa su da samari ba. Ranar kai bayani gaban mai unguwa, su ma a ji abin da suka tattaro.

Maganar kuɗi kuwa, nan ne nake da abin cewa, don na daɗe ina kula da ƙungiyoyin asusu na mata a ƙasar Katsina. Tsarin da muke bi ma daga garin su Baba ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi a Maraɗi da sunan Mata Masu Dubara, a kan adashin da iyayenmu suka saba, yanzu ya bazu ƙasashen Afirka da yawa. Mata kamar ashirin zuwa talatin, zama duk mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Masu ƙirga su zube kuɗin a faranti, su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla, kowa ta maimaita. Mako mai zuwa kafin a buɗe sai a tambaya, nawa muka rufe? Wadda ba ta taɓa shiga aji ba ma za ta faɗa maka har da canji.

Ka ɗora samarinka a kan wannan tun kafin su karɓi sisin kowa. Su fara zuba nasu, ko naira ɗari-ɗari ne a mako. Wanda bai iya riƙe amanar ɗari biyar ta abokinsa ba, ba a ba shi kuɗin unguwa. Kai kada ka riƙe makulli, kada ka riƙe akwati. In an fara karɓar na jama'a, duk Juma'a a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a bangon masallaci, har kuɗin acaɓan wanda aka aika sayen kaya. Na ga ƙungiyar da ta tarwatse a kan kuɗin katin waya da ba a rubuta ba, alhali babu wanda ya ci komai, zargi ne kawai ya shiga.

Ka tambaya ko ƙirƙira baiwa ce. Amsar tana jiharku. Mohammed Bah Abba malami ne kamarka, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, kuma daga gidan magina tukwane ya fito. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafin, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Babu lantarki, babu ƙarfe. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suna kai mako uku. Da kuɗinsa ya sa magina suka yi dubbai ya rarraba a ƙauyuka, a 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Cikin abin da ya dame shi har ya yi wannan aiki akwai 'yan matan da ake tura wa talla kullum don kada kaya su ruɓe. Kowace tsohuwa ta san randa na sanyaya ruwa. Shi ya tsaya ya kalli abin da kowa ya sani, ya haɗa shi da matsalar da ke gabansa, ya yi ta gwaji. Wannan kam ana koyar da shi. Sa yaranka su je wurin maginan garinku a yi musu guda biyu, su zuba tumatir a ciki, su bar wani a kwando a gefe, kullum su duba su rubuta. Kai malamin lissafi ne, ka san yadda za ka sa su auna. Su kuma gano da kansu cewa da damina, in iska ta yi danshi, sanyin yana raguwa.

Saurayi daga Gusau:

Ina gaida iyayena da ke wannan zaure. Malam, Baba, Hajiya, ku yi mini afuwa, ni ina cikin irin yaran da ake magana a kansu, kuma akwai abin da nake ganin ba a taɓo ba.

Baba ya ce kada a raba ko lemo. Na fahimci dalilinku Baba, amma saurayin da ya wuni a cikin kwata da shebur, da yamma zai koma gida ne a tambaye shi cefane ko kuɗin makarantar ƙanensa. Mu a unguwarmu mun fara mu fi talatin, waɗanda suka rage su ne masu ɗan abin yi a gefe. Sauran ba lalaci ya kore su ba, yunwa ce. Ban ce a biya kowa ba. Amma tun farko a zaɓi aikin da in an iya shi zai zama sana'a. Wanda ya koyi gyaran famfo, ƙauyukan kewaye za su kira shi su biya. Masu kwashe shara in sun tsara karɓar ɗan wani abu daga masu shaguna, sun samu na sabulu, ledar da robobin ma akwai masu saye a kilo. In ba haka ba, Malam, da kaka ta wuce za ka nemi rabinsu ka ji suna Legas.

Na biyu, ku tsare su daga manya, ba daga zaman banza kawai ba. Mu da muka yashe magudanar unguwarmu muka sa kwalbati da kuɗin karo-karo, ranar da aka gama wani ɗan siyasa ya zo da masu hoto ya tsaya a kai. Bayan mako ya aiko mana da riguna masu hotonsa da ƙwallo. Rabinmu suka karɓa, rabi suka ƙi, daga ranar ƙungiya ta zama biyu. Ku sa su rubuta doka tun yanzu da babu ko sisi: ana karɓar gudunmawar kowa a rubuta a manna, amma ba a sa rigar kowa, ba a kai akwati gidan kowa. Sannan shugabanci ya riƙa zagayawa, kada ɗan mai kuɗin unguwa ko mai Turancin cikinsu ya zauna a kai har abada.

Na uku shi ne ya fi damuna. In aka koya wa matasa cewa komai gayya za ta yi, an sauke wa hukuma nauyinta ke nan. Famfon da ya mutu akwai sashen ruwa a ƙaramar hukuma da ke da kasafi a kansa. Mu 'yan Zamfara mun ga misali. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. An share wasu ƙauyukan, aka bar Bagega, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ce ba za su iya fara ba yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don yaro zai koma ya sake shaƙa. Wannan ba aikin shebur ɗin samarin gari ba ne. Kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ne ya maƙale. Matasa irin su Hamzat Lawal, da suka kafa Follow The Money, shirin bin diddigin kuɗin gwamnati, a 2012, suka ɗauki maganar, suka yi ta yaɗa ta a intanet da kafafen labarai tare da wasu ƙungiyoyi, har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka share garin, aka fara yi wa yara magani. Ba su fi samarinku shekaru da yawa ba a lokacin.

Don haka a cikin horon a sa yadda ake rubuta takardar koke mai kwanan wata da sa hannun mai unguwa, a kai, a karɓi shaidar an karɓa, a koma bayan mako biyu cikin ladabi. Su san akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Su san tun 2018 ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Kuma kada a raina wayar da ke hannunsu. Takardar da Hajiya ta ce a manna a masallaci, a ɗauki hotonta a tura zauren WhatsApp na 'yan garin da ke ci-rani. Mu mafi yawan kuɗin kwalbatinmu daga wurinsu ya fito, saboda suna ganin lissafi duk mako.

Makanikin Burtsatse:

Salam Malam. Ni sana'ata ke nan, a ƙasar Ningi nake yawo. In famfo za su fara da shi, kafin su tara ko sisi su je su duba wane iri ne. In India Mark II ne, silindar tana can ƙasa, sai an zaro bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3, ana kwancewa, kafin a kai ga robar. Yana son ƙarti kamar huɗu da kayan aiki, kuma in bututu ya kuɓuce ya faɗa ramin, aiki ya koma sabo. In Afridev ne, don 'yan gari aka ƙera shi. Sandunan kawai ake zarowa, fistan ya biyo su ta cikin bututun roba. Yaro mai natsuwa zai iya cikin ɗan lokaci.

Su kama hannun su buga su ji. In ya yi sakwaf babu nauyi, sarƙa ce ko sanda ta tsinke. In da nauyi amma ruwa kaɗan ke zuwa, roba ta cinye. In da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya hau, bawul ɗin ƙasa ke yoyo. In hannun na karkaɗawa gefe da gefe, boris ne. Yawancin famfunan da ake cewa sun mutu, ƙaramin abu ne ya kashe su, rashin mai kula ne ya sa suka shekara.

In za ku kira makaniki, ku yi sharaɗi da shi: yaranku biyu ne za su riƙe sifana, shi yana nuna musu. Wanda ya ƙi, ku nemi wani. Roba ku sayi biyu-biyu, ɗaya a ajiye a akwati. Su je sashen ruwa na ƙaramar hukuma su tambayi zurfin rijiyar, kamar yadda ɗan'uwa na Gusau ya ce, su bar takarda a can. Bayan gyara, duk wata a buɗe kai a sa wa sarƙa giris a ɗaure notuna.

Malamin Lissafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na bi shawararku, sun zaga. Hajiya, maganarki ta shige ni, na je wurin malamar Islamiyyar matan aure, ta karɓa hannu biyu-biyu, 'yan matanta ma sun riga samarin gama nasu zagayen. Su ne suka jiyo cewa shekarun baya an taɓa karɓar kuɗin gyaran famfo gida-gida ba a ga gyara ba, ba a ga kuɗi ba, shi ya sa matan suka ce ba za su sake ba da ko kwabo ba sai sun ga ruwa. A zaure babu mai gidan da ya faɗi wannan. Famfunan duka India Mark II ne, ɗaya hannunsa sakwaf yake kamar yadda Oga makaniki ya kwatanta. Samarin sun yanke shawarar za su gyara wannan da kuɗin zubinsu tukuna, sannan su tunkari jama'a da maganar na biyun. Ba ni na kawo wannan ba, wani mai acaɓa ne a cikinsu.

Amma ga wata sabuwa. Uku daga cikin yaran 'yan ga-ruwa ne. Daga burtsatsen wani mai gidan wanka suke sayo ruwa su tura a kura su sayar, kuma tun da famfunan suka mutu kasuwarsu ta buɗe. Tun ranar da aka tsayar da maganar famfo suka daina zuwa zama. Ɗayansu ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, Malam in an gyara mu me za mu ci? Da wannan kurar yake aika wa mahaifiyarsa kuɗi a ƙauye. Sauran samarin kuma sun fara cewa a rabu da su, 'yan baƙin ciki ne. Ni ban yarda a rabu da su ba. In na sa baki na raba gardamar, na koma shugaban da na ce ba na so in zama. In na yi shiru kuma ina tsoron a yi musu rauni a zuci. Yaya kuka gani?

Tsohon Malamin Gona, Maraɗi:

Malam, sa baki ka tambaya ba raba gardama ba ne. Ka roƙi yaron ya zo ya faɗi maganar nan da bakinsa a gaban 'yan'uwansa, in yana jin nauyi ka nemi izninsa ka faɗa a madadinsa ba tare da ka kama suna ba. Sannan ka tambaye su: ga 'yan'uwanku uku da gyaran nan zai taɓa abincinsu, me za ku yi? Ka koma baya ka zauna. Makiyayan da ke sassakar rassa ma a wajenmu ba korarsu aka yi ba, cikin kwamiti aka sa su. Ni da za a tambaye ni, yara biyun da makaniki ya ce su riƙe sifana, daga cikin ukun nan za a ɗauko su, tunda babu wanda ya kai su sanin ruwan unguwar da gidajen da ke saye. Amma ka bari ka ji nasu tukuna, wataƙila su zo da wadda ta fi wannan.

Makanikin Burtsatse:

Ka gaya wa yaron kada ya tsorata. Gidajen da ke nesa da masu shayi da masu gini ba za su daina sayen ruwa ba don an gyara tuka-tuka. In sun tsaida ranar zaro bututun, su tanadi igiya mai ƙarfi da maƙalar bututu, kuma kada su fara da yamma, aikin yana cin yini.